Matambayi Ba Ya Ɓata, Sai In Ya Tsaya Ƙofar Kango

Niyyata a wannan mako ita ce mu ɗora daga inda muka tsaya a makon jiya, to amma wani abu ya gitta mini ranar Laraba wanda na ga bai kamata in bar shi ya huce ba. Mai karatu ya yi mini uzuri, maganar da muka faro tana nan, ba ta ruɓewa.

Ina da ɗan ƙanwa a nan Sakkwato, wanda ya gama karatu, ya gaji da yawon neman aiki, 'yan'uwa suka yi masa karo-karo ya buɗe ɗan shagon kwamfuta a wajen Mabera. Kwamfutoci takwas ne a ciki, da firinta ɗaya, da injin ɗaukar hoton takardu, sai ɗan janareto a bakin ƙofa. Da wannan shago yake ciyar da matarsa da ɗansu, daga ciki kuma yake sallamar yaron da ke taya shi aiki. Yana buga takardu, yana duba wa ɗalibai sakamakon jarrabawa, yana cike musu fom. Wanda ya san sana'ar ya san cinikinta kaka gare shi: ana iya shafe wata guda ana hamma, sannan a sami mako ɗaya da zai biya kuɗin hayar shekara.

Makon da ya wuce irin wannan mako ne. Wata babbar makaranta za ta rufe karɓar fom ɗin tantance masu neman gurbin karatu da ƙarfe goma sha biyun daren Laraba. A daren Talata aka yi hadari mai tsawa, kuma da gari ya waye sai ya tarar rautar shagon, wato 'yar na'urar nan da ke karɓo intanet ta rarraba wa kwamfutoci da wayoyi, ta ƙone. Bai tsaya jimami ba, ya hau kabu-kabu ya shiga kasuwa ya sayo sabuwa, ya mayar da layinsa a ciki, ya jona wayoyi. Fitilunta suka kama. Wayarsa ta hannu ta hau waifai, saƙonnin WhatsApp suka yi ta shigowa. Amma a cikin kwamfutocin nan takwas babu wadda ta yarda ta buɗe shafi ko ɗaya.

Ya yi abin da kowa ke yi. Ya kashe ya kunna, ya sake kashewa ya kunna. Ya zaci data ce ta ƙare, ya sayi wata a kan wadda ke akwai. Ya kira kamfanin layin, suka ce masa layinsa lafiya lau, kuma gaskiya suka faɗa. Mai gyaran da ya haɗa masa shagon tun farko ya yi tafiya, wayarsa a kashe. Ana gab da kiran azahar ya neme ni.

"Kawu, don Allah ka taho shago. Abin ga ya ƙi, ga mutane sun cika min ƙofa."

Ni ba injiniya ba ne, na dai taɓa kula da ɗakin kwamfuta na wasu shekaru, kuma wahala ta koya mini abin da ta koya mini. Da na isa na tarar benci a cike. A cikin masu jira akwai wani dattijo da ya zo da 'yarsa daga wajen Wurno, tana riƙe da takardunta a cikin leda. Muka gaisa, ya ce da ni, "Malam, tun da safe munka taho. Shin wanga abu na gyaruwa yau kuwa? In ba ya gyaruwa a gaya muna, kada ɗiyata ta rasa shekara guda muna zaune bisa benci." Na ce, "Baba, a ba ni rabin awa. In ban gane kansa ba, ni da kaina zan kai ku wani shago."

Kafin in faɗi abin da muka tarar, bari in yi wa mai karatu shimfiɗa, domin wanda bai san yadda abu ke tafiya lokacin lafiyarsa ba, ba zai gane ciwonsa ba.

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da lambar adireshi, wadda a tsarin da aka fi sabawa da shi gungun lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowane gungu daga 0 zuwa 255. Idan ɗalibi ya rubuta udusok.edu.ng yana neman shafin Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kwamfutarsa ba za ta motsa ba sai ta sami wanda zai juya mata wannan suna zuwa lamba. Tsarin da ke wannan aiki shi ake kira DNS, na'urar da ake yi wa tambayar kuma mu kira ta uwar garken sunaye.

Kwatankwacinsa baƙo ne ya sauka a tasha yana neman gidan wani malami a Gidaɗawa ko Ƙofar Rini. Ga ɗan kabu-kabu, ga mai cike da tanki, ga hanya a buɗe, amma babu wanda ya san gidan a cikinsu. Dole a tsaya wurin mai unguwa. Idan mai unguwa ya sani, ya faɗa. Idan bai sani ba, ya san wanda za a tambaya. Haka kwamfuta ke tambayar rauta, rauta ta miƙa tambayar ga uwar garken kamfanin da ke ba da intanet. Ita kuma idan ba ta da amsa a hannu, sai ta nufi tushe. Tushen nan adireshi goma sha uku ne, an laƙaba musu haruffa daga A zuwa M, hukumomi goma sha biyu ke kula da su, kuma suna da rassa fiye da dubu a warwatse cikin duniya. Tushe ba ya ba da amsar ƙarshe, sai dai ya ce a je wurin mai riƙe da sunayen da suka ƙare da .ng, wato ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005. Can kuma a ce a je wurin uwar garken da jami'ar ta ɗora wa amanar sunanta, a nan ake samun lambar. Duk wannan zirga-zirga kan ƙare kafin mutum ya ƙifta ido, sannan kowa a kan hanyar ya ajiye amsar na ɗan lokaci don kada a riƙa maimaita tambaya.

Da can ba haka abin yake ba. A zamanin ARPANET, kakar intanet, sunayen dukkan kwamfutoci a cikin fayil ɗaya suke mai suna HOSTS.TXT, wanda ofishin wata mata, Elizabeth Feinler, ke kula da shi a cibiyar bincike ta Stanford da ke Kalifoniya ta Amurka. Kowa sai ya kwafo fayil ɗin ya ajiye a kwamfutarsa. Da na'urori suka yi yawa littafi ɗaya ya gaza, sai Paul Mockapetris na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya tsara DNS a 1983. Mai karatu ya riƙe labarin wancan fayil, za mu sake gamuwa da jikansa a Mabera.

To, na zauna gaban kwamfuta ta farko. Ƙa'idata a irin wannan hali ita ce a fara daga cikin ɗaki, a fita tsakar gida, sannan a leƙa titi, tambaya ɗaya bayan ɗaya, kuma kada a sauya saiti ko ɗaya sai an san inda ciwon yake. Yawancin ɓarnar da ake yi wa na'urori, garin lalube ake yin ta.

Tambaya ta farko: shin kwamfutar ta san kanta, ta kuma san ƙofar fita? A Windows ana danna maɓallin tambarin Windows tare da harafin R, a rubuta cmd, sai baƙin allo ya fito. A ciki na rubuta ipconfig /all. Bayanai da yawa za su zubo, amma layi uku ne abin dubawa. Layin IPv4 Address shi ne lambar kwamfutar, Default Gateway shi ne ƙofar fita, wato rauta, DNS Servers kuma shi ne wanda take yi wa tambayar suna. Da a ce lambar kwamfutar ta fara da 169.254, da na san ba ta ma sami zantawa da rauta ba, sai in koma duba waya da mahaɗarta. Amma na ga 192.168.0.104, ƙofar fita kuma 192.168.0.1. Lambobin da suka fara da 192.168 na cikin gida ne, an keɓe su don ƙananan hanyoyin sadarwa irin na shago da ofis, ba a tafiya da su a kan babban titin intanet. Nan dai lafiya.

Tambaya ta biyu: ƙofar tana amsa sallama? Na rubuta ping 192.168.0.1. Wannan umarni sallama ce kawai, ana aika ta sau huɗu a jira amsa. Amsa huɗu suka dawo.

Tambaya ta uku: daga ƙofa zuwa titi fa? Na rubuta ping 8.8.8.8, wadda lamba ce ta kamfanin Google mai sauƙin riƙewa. Nan ma amsa huɗu. Na juya na ce wa ɗan ƙanwata, "Ka ga data ɗinka nan, ba ta ƙare ba. Kwamfutar nan ta je ta dawo sau huɗu a gabanka."

Tambaya ta huɗu: idan aka ba ta suna maimakon lamba fa? Na rubuta ping google.com, ta ce ba ta san wannan ba. Na rubuta nslookup google.com, wanda umarni ne na tambayar uwar garken sunaye kai tsaye. Ta jira, ta jira, ta ce lokaci ya ƙure babu amsa. Kuma a saman saƙon ga lambar wanda take tambaya: 192.168.8.1. Na sake duba layi na ukun nan na farko, ita ce dai.

Na ce, "Ɗauko mini rautar da ta ƙone." Ya ɗauko ta daga cikin kwali, na kifa ta. A jikin takardar da ke manne a bayanta ga lambar nan ɓaro-ɓaro, 192.168.8.1.

Abin da ya faru ke nan. A ƙa'ida, rauta ce ke raba wa kowace na'ura lambarta, da ƙofar fita, da adireshin wanda za ta riƙa tambaya. Amma wani lokaci a baya, saboda wani dalili da babu wanda ya tuna, mai gyara ya bar kwamfutocin suna karɓar lambarsu daga rauta, sannan ya rubuta musu adireshin uwar garken sunaye da hannu, ya sa lambar tsohuwar rauta. Muddin tana raye babu wanda zai lura. Da ta mutu aka kawo wata mai lamba dabam, kwamfutocin suka karɓi sabuwar lamba da sabuwar ƙofa, amma suka ci gaba da tsayawa ƙofar gidan mai unguwar da ya riga ya tashi, suna ta sallama a kango. Wayoyin hannu kuwa babu wanda ya rubuta musu komai da hannu, duk abin da sabuwar rauta ta ba su shi suka karɓa, shi ya sa suka yi ta aiki.

Gyaran bai kai minti biyu ba a kowace kwamfuta. A danna tambarin Windows da R, a rubuta ncpa.cpl, a danna dama a kan mahaɗar da ake amfani da ita, a shiga Properties, a buɗe layin Internet Protocol Version 4, a zaɓi inda aka ce kwamfuta ta karɓi adireshin DNS da kanta. Daga nan a koma baƙin allo a rubuta ipconfig /flushdns, domin a share tsofaffin amsoshin da ta ajiye. Na yi ta farko yana kallo, ya yi ta biyu ina kallo, yaron shago ya ƙarasa sauran.

Murna ta so ta koma ciki da muka zo kan kwamfuta ta takwas, wadda firinta ke jone da ita, kuma a kanta aka zaunar da yarinyar nan. Ta buɗe Google, ta buɗe shafukan labarai, amma shafin makarantar ya ƙi, alhali yana buɗewa a sauran bakwai ɗin. Na tambayi sunan shafin da nslookup, ta ba ni lamba. Na yi masa ping, sai na ga wata lamba dabam take nufa. Wannan saɓani alama ce da ba ta ƙarya. Umarnin nslookup uwar garke yake tambaya, amma sauran manhajoji sukan fara leƙa wani ɗan fayil da ke cikin kwamfutar kafin su tambayi kowa. Sunansa hosts, jikan wancan na Kalifoniya, kuma a Windows yana kwance ne a C:\Windows\System32\drivers\etc. Na buɗe shi da Notepad da izinin mai kula da kwamfuta, sai ga layi ɗaya a ƙasa: sunan shafin makarantar, da wata lamba a gabansa. Ga alama a wata kakar da ta wuce an rubuta shi don a gaggauta aiki, daga baya makarantar ta sauya wa shafinta mazauni, layin kuma ya zauna. Na sa alamar # a farkonsa don kwamfuta ta daina karanta shi, na sake share ajiya, shafi ya buɗe.

Kafin la'asar an cike wa yarinyar fom, an buga mata takardar shaida. Dattijon ya karɓa ya jujjuya ta, ya ninke ya sa a aljihun gaba, ya yi mana addu'a mai tsawo, suka nufi tasha. Sai dai ba kowa ya yi haƙurinsa ba. Mutane da dama sun tashi tun hantsi sun tafi wasu shaguna, kuma wanda ya tafi ranar buƙata ba lalle ya dawo ba. Ɗan ƙanwata ya yi asarar rabin yini a ranar da ta fi kowace rana ciniki, ya sayi datar da ba ya buƙata, duk saboda lamba ɗaya da aka rubuta aka manta.

Wannan ne ya sa na ce sai na yi magana, kuma maganar tawa kashi uku ce.

Na farko, mun mayar da kalmar "netiwok" bargon rufe kowace irin matsala. A banki netiwok, a asibiti netiwok, a wurin mai POS netiwok, kuma da an faɗe ta kowa sai ya naɗe hannu. Alhali yankewar hanya dabam, ɓatan suna dabam. Mu a jihar nan mun san yankewar hanya: a watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 saboda matsalar tsaro. Haka ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta. A irin waɗannan ranaku babu saitin da mai shago zai taɓa ya tsira, sai haƙuri. Amma ranar 4 ga Oktoba, 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace kusan awa shida, daga bayan la'asar har dare ya yi nisa a agogonmu, layukanmu lafiya suke. Kuskure aka yi a cikin kamfanin lokacin wani gyara, hanyar zuwa uwayen garken sunayensu ta janye, duniya ta yi ta tambaya babu mai amsawa. Idan kamfani mai dubban injiniyoyi zai faɗa wannan rami, mai shago a Mabera ba abin dariya ba ne. Abin da ake so kawai shi ne ya iya rarrabewa, kuma umarni biyu sun isa: a yi wa lamba sallama, a yi wa suna sallama. Idan duka biyu sun yi shiru, a duba hanya. Idan lamba ta amsa suna ya ƙi, ciwon na tambaya ne, kuma sau da yawa maganinsa yana cikin ɗakin.

Na biyu, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali, wanda kake tambaya hanya yana da iko a kanka. Namu mai unguwar tashi ya yi, shi ya sa muka ji shiru muka farga. Da maƙaryaci ne ke zaune a gidan, da amsa zai ba mu, mu bi ba tare da mun sani ba. Wannan ya taɓa faruwa. A watan Nuwamba na 2011 hukumar FBI ta Amurka ta bayyana kama wasu mutane a Estoniya da suka yaɗa wata muguwar manhaja mai suna DNSChanger, wadda ta shiga kwamfutoci kimanin miliyan huɗu a ƙasashe fiye da ɗari. Aikinta shi ne ta sauya layin nan na uku, ta mayar da tambayoyin mutane wurin uwayen garken ɓarayin, su kuma su tura su inda suka ga dama. Yanzu mai karatu ya dubi yawan shaguna da ofisoshin garin nan da ake tura kuɗi a cikinsu, rautarsu kuwa har yau kalmar sirrinta ita ce wadda ta zo da ita daga kamfani, wadda ke rubuce a bayanta kowa na gani. Duk wanda ya hau waifai ɗin zai iya shiga saitinta ya sauya wa gidan gaba ɗaya mai unguwa. Saboda haka a sauya kalmar sirrin shiga saitin rauta tun ranar da aka saye ta, kuma ta bambanta da ta waifai da ake ba abokan ciniki. Idan kuma manhajar shiga intanet ta yi gargaɗin cewa takardar shaidar shafin banki ko na makaranta ba ta inganta ba, kada a danna "ci gaba" don gaggawa. Wannan gargaɗi shi ne katanga ta ƙarshe.

Wani zai tambaya, to wa ya kamata a riƙa tambaya, uwar garken kamfanin layi ko ta waje? Akwai na kyauta sanannu. Google ta buɗe 8.8.8.8 da 8.8.4.4 a Disamba 2009, Cloudflare ta buɗe 1.1.1.1 a Afrilu 2018, akwai kuma 9.9.9.9 ta Quad9 wadda ke ƙin amsa sunayen shafukan da aka san na cuta ne. Kowace da amfaninta, amma a sani cewa wanda kake tambaya yana ganin sunan duk inda ka nufa. Ni a ganina, idan ta kamfanin layi tana aiki, a bar ta. Idan tana yawan gazawa, a zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan, amma a rubuta zaɓin a wuri ɗaya tak, cikin rauta, a bar kwamfutoci suna karɓa daga gare ta. Ranar da za a sauya, wuri ɗaya za a taɓa. A kuma tuna cewa wayoyin Android tun daga na 9, wanda ya fito a 2018, suna da nasu saitin mai suna Private DNS, manhajojin shiga intanet ma suna da irinsa, don haka idan na'ura ɗaya ta bijire a cikin jama'a, nan ma wurin leƙawa ne.

Makarantu da ofisoshin da ke da tasu uwar garke ta cikin gida suna da wani tarko na dabam. Akan rubuta wa kwamfuta adireshi biyu, na farko uwar garken gida, na biyu 8.8.8.8, da tunanin an yi tanadi. Amma ta waje ba ta san sunayen cikin gida ba. Duk ranar da ta gida ta yi jinkiri kwamfuta ta juya ga ta waje, za a ce mata babu mai wannan suna, ita kuma ta gaskata. Sai a ga abu yana yi yau, gobe ya ƙi, a rasa dalili. Daidai shi ne kwamfutoci su tambayi ta gida kaɗai, ita kuma a saita ta ta riƙa miƙa tambayoyin waje.

Na uku shi ne rubutu. Mai gyaran nan ban ce mugu ba ne, wataƙila abin da ya yi ya warware wata matsala a ranar. Laifinsa, wanda laifinmu ne duka, shi ne ya tafi da ilimin shagon a cikin kansa. Wasu masu gyara suna ganin ɓoye sani shi ke sa a sake kiran su, masu shago kuma suna jin nauyin tambaya kada a ce ba su waye ba. Abin kunya ne wannan ya zama ɗabi'a a Sakkwato, garin da magabatansa suka rubuta wasiƙunsu da hukunce-hukuncensu da tarihinsu, har ga shi muna zuwa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu muna duba abin da suka bari. Shafi ɗaya ya ishi ƙaramin shago: lambar rauta, lambobin da take rabawa, na'urorin da aka rubuta wa wani abu da hannu da dalilin yin haka, da ranar kowane gyara da sunan wanda ya yi. Kada a sallami mai gyara sai ya cike shafin nan, kamar yadda ba a barin asibiti sai da katin magani.

Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma yau da wuya ɗalibi ya shiga babbar makaranta, ko ya nemi tallafin karatu, ko aikin gwamnati, ba tare da ya ratsa ta irin shagon ɗan ƙanwata ba. Ƙananan shagunan nan su ne ƙofar 'ya'yan talakawa, musamman na karkara. Ina ganin sassan kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi za su yi babban alheri idan suka riƙa shirya bita ta yini ɗaya ko biyu, da Hausa, ga masu shagunan kwamfuta da malaman da ke kula da ɗakunan kwamfuta na sakandare. Ba a buƙatar mayar da su injiniyoyi. A koya musu tambayoyin nan huɗu, da yadda ake sauya kalmar sirri, da ajiye rubutu. Ɗaliban ajin ƙarshe ma za su iya koyarwa, su ma su ƙaru.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya ta shagon. Na tarar ya bi shawara, ya buga shafin da manyan haruffa, ya sa a leda, ya manna a bango daidai saitin bencin masu jira. Na matsa na karanta, komai ya rubuta daidai, har da sabuwar kalmar sirrin rautar a layin ƙarshe. Na ce ya ɓamɓare ta ya kai cikin durowa, ya kuma sake wata kalmar kafin in bar wurin. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai kai ka ce a rubuta komai."

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan maganar da muka ajiye.